Ƙaddara da Zalunci a Cikin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, kuma Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, ya ginu ne a kan jigon satar mutane da bautar da su. An sace Umar yana yaro, ya ƙetare Sahara tare da Abdulkarim. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta.

Ƙarfin littafin yana ga salonsa: malami ne ke ba almajiransa tarihinsa da bakinsa, cikin natsuwa, yana jingina kowace musiba ga hukuncin Allah. Nan kuma rauninsa yake. Makau, mijin mahaifiyar Umar, shi kansa mai kai samame ne, amma labarin ya tausaya masa kan makircin fadawa, ya wuce waɗanda aka kamo.

Malaman aƙida sun bambance tsakanin yarda da hukuncin Allah da yarda da saɓon da bawa ya aikata. Hadisin Bukhari ya lissafa wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa cikin waɗanda Allah zai yi husuma da su ranar Ƙiyama. Ɗalibi a Zurmi, Shinkafi ko Ƙauran Namoda, inda ake sace mutane don kuɗin fansa, yana buƙatar wannan bambanci: ya koyi haƙuri daga Umar, kada kuma natsuwar muryarsa ta zama uzuri ga azzalumi ko ga hukumar da ta yi sakaci.