Masu Tayar da Tsofaffin Akwatunan Sifika

A Gwarzo da Kabo ba a cika jefar da tsohuwar sifika ba, kuma kafintoci ne silar hakan. Za a kawo musu akwatin Kenwood ko National da damina ta kumbura, gara ta cinye gindinsa. Sai kafinta ya kwance dunƙulen sifikar a hankali, ya miƙa wa mai gyaran rediyo ya duba kwayil da takardarta, shi kuma ya fuskanci katakon.

Nan gwanintar take. Zai ɓare tsohuwar fatar, ya cike ramuka da garin katako da gam, ya goge da sanfefa har tafin hannu ya daina jin kaushi. Sannan ya shimfiɗa siririn fallen katako ko famika da aka sayo daga Sabon Garin Kano, yana dannawa daga tsakiya zuwa gefe kada iska ta maƙale. Ya san kafa ɗaya a kusurwa ta isa ta sa sauti ya riƙa karkarwa, shi ya sa ba ya gaggawa.

Da irin waɗannan akwatuna ake Mauludi, da walimar sauka, da bukukuwa daga Getso har Garo. Allah Ya yi wa hannayen nan albarka.