Mahaɗa ko Gunduma? Sharhi a Kan Tsarin Lissafin Hanyar Saƙo

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin nazarin wani ra'ayi da ake koya wa ɗalibai a darasin sadarwar kwamfuta, wato cewa duk inda saƙo ya ratsa a intanet to gunduma ce. Abin da ake nufi da gunduma a nan shi ne tarin na'urori da ke ƙarƙashin hukuma ɗaya, mai dokarta da lambarta, kamar na kamfanin MTN.

Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Tun shekarar 1959 Edsger Dijkstra ya fito da dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu, kuma dabarar ta fi sauƙin aiki idan kowane zango iri ɗaya ne. Sai dai sauƙi ba shi ne gaskiya ba.

Mu ɗauki misali daga gida. Matafiyin da ya taso daga Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi yana ratsa ƙasar hakimai, kowace da iyakarta da mai iko da ita. Amma tashar mota ba haka take ba. Wuri ne da direbobi ke haɗuwa su miƙa wa juna fasinja da kaya bisa yardar junansu. Wannan ita ce siffar mahaɗa, kamar IXPN da aka kafa a Legas a 2006, wadda ta buɗe rassa a Abuja da Kano, ko kuma NetherLight ta Amsterdam.

To, ina illar take? Ƙa'idar BGP, wadda gundumomi ke bi wajen zaɓen hanya, tana duba yawan gundumomin da saƙo zai ratsa, ta fifita mafi ƙaranci idan sauran sharuɗɗa sun daidaita. Idan aka lasafta mahaɗa a matsayin gunduma, hanyar da ta bi ta Kano za ta ƙaru da zango guda, ta yi kunnen doki da hanyar dillali mai karɓar kuɗi. Daga nan saƙon ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma yana iya kewayawa nesa, a biya kuɗi, a kuma sha jinkiri. Saboda haka ne takardar ƙa'ida ta RFC 7947 ta 2016 ta shawarci na'urar raba hanyoyi ta mahaɗa kada ta cusa lambarta a jerin.

Amma kuma waɗanda suka mayar da mahaɗa ɗigo kawai su ma sun yi tuya sun manta da albasa. Kowace ƙofa ta mahaɗa tana da iyakar abin da za ta ɗauka, kamar yadda tasha ke cika ranar kasuwa. Lissafin da bai san da wannan ba zai tura saƙo ƙofar da ta riga ta cushe.

A taƙaice, a ganina, a wajen ƙidayar zango da neman izini kada a lasafta mahaɗa, amma a wajen auna nauyi wajibi ne a lasafta kowace ƙofa tata. Ya kamata malaman kwalejojin ilmi, irin su Kwalejin Isa Kaita, su raba wa ɗalibai waɗannan tambayoyi biyu tun a aji: wa ke da iko, kuma nawa wurin zai ɗauka?