Masu idon auna ruwan harsasan Touhou

Tun 1997 wani Bajapane da ake kira ZUN yake fitar da wasannin Touhou, kuma kusan komai na manyan wasannin shi kaɗai yake yi: shi ke rubuta manhaja, shi ke zane, shi ke tsara kiɗa. Biyar na farko a kan tsohuwar kwamfutar PC-98 suka fito. Daga 2002, da na shida mai suna Embodiment of Scarlet Devil, ya koma Windows. Yawancinsu fasalinsu ɗaya ne. Kana tuƙa wata 'yar yarinya mai tashi sama, galibi Reimu ko Marisa, abokan gaba suna yi maka ruwan harsasai har allo ya cika, kai kuma kana neman tsaga da za ka kurɗa.

Baƙon ido zai ce ai duk kanwar ja ce. Amma akwai mutanen da za ka ba su wasa biyu daga jerin, su gaya maka wanne ya fi tsauri, ga wane irin ɗan wasa, da kuma dalili. Waɗannan ne suke burge ni, har fiye da masu saurin yatsa.

Gwanin nan ba ya ƙirga harsasai, halinsu yake karantawa. Wasu inda kake tsaye ake harbo su, maganinsu shi ne ka riƙa gusawa kaɗan-kaɗan su wuce ta gefenka, don in ka zabura ka yi tsalle mai nisa sai su bazu su toshe maka hanya. Wasu tsarinsu ba ya canzawa, haddace su ake yi. Wasu kuma a warwatse suke zuwa ba ƙa'ida, sai ido da natsuwa. Allon da ya cika maƙil da na haddacewa ya fi sauƙi a kan wanda ke da rabinsu amma warwatsattsu. Da wannan ma'aunin ne masana ke kallon wasa na shida da ladabi: warwatsattsun harsasai sun yi yawa a cikinsa, ga shi kuma ba ya nuna maka ɗan ɗigon da ke tsakiyar jikin 'yar wasanka, wanda shi kaɗai ne in harsashi ya taɓa ka mutu. Sai a Perfect Cherry Blossom na 2003 aka fara nuna ɗigon idan ka danna maɓallin rage gudu.

Inda gwaninta ta fi fitowa shi ne wajen lissafin guzuri, wato rayuka da bama-baman share harsasai da wasa ke ba ka. Dillalin kara ba ya yi wa sa kuɗi daga nesa, sai ya dafa ƙugunsa. Ɗauki Legacy of Lunatic Kingdom na 2015. Duk wanda ya ga Clownpiece, shugabar mataki na biyar, zai rantse babu wasan da ya kai shi mugunta, kuma ta fuskar harsasai yana da hujja, domin an gina shi ne a kan wani salo da ake mayar da kai baya kaɗan duk lokacin da ka mutu, ka sake gwadawa iya son ranka. Amma gwani zai tambaye ka: da wa ka buga? Bam ɗin Reisen, ɗaya daga 'yan wasan da ake zaɓa, yana sa mata garkuwa mai ɗaukar duka uku, kuma a ɗaya salon wasan yana ba da gutsuren rai ga mai gogar harsasai da yawa ba tare da sun taɓa ɗigonsa ba. Wanda ya san haka zai ƙare shi da wahalar da ba ta kai yadda ido ya nuna ba.

Undefined Fantastic Object na 2009 kuwa ta wata ƙofa yake kama mutum. Rayukan suna nan, amma sai ka bi wasu ƙananan faya-faye masu yawo a allo, ka haɗa uku ja kafin ka samu gutsuren rai. Kwaɗayinsu ne ke jan mutum cikin wuta. A nan ba kaucewa kaɗai ake gwadawa ba, har da sanin lokacin haƙura. Subterranean Animism na 2008 ma ba ya da sassauci: bam ɗinka daga ƙarfin harbinka ake cire shi, saboda haka duk ceton kai da ka yi, ka ƙara wa kanka tsawon faɗa.

Shi ya sa da wuya gwani ya ba ka jeri ɗaya ya ce shi ke nan. Zai fara tambayar a wane matakin wahala, domin kowane wasa yana da huɗu, daga Easy zuwa Lunatic, kuma wanda ya yi laushi a Normal yana iya zama ƙadangaren bakin tulu a Lunatic. Sannan me ake nema: ƙare wasa ba tare da an nemi ci gaba bayan rayuka sun ƙare ba, ko tara maki? Imperishable Night na 2004 ana yawan tura sabon shiga gare shi saboda yana ba da ɗan lokaci mai tsawo ka danna bam bayan harsashi ya same ka, ko da yake bam biyu yake ci. Amma mai neman maki a cikinsa sai ya riƙa kula da wani ma'auni na mutum da aljani a kowane motsi, kuma wannan wani aiki ne daban.

Ni a ganina Mountain of Faith na 2007 ya fi kowanne nuna ko mai jerin ya san abin da yake yi. Tsarinsa a miƙe yake, babu tarkace, bama-bamai a wadace, har akwai wani kuskuren manhaja da ke sa ɗaya daga makaman Marisa ya narkar da shugabannin matakai cikin ƙiftawar ido. Mai gaggawa zai jefa shi ƙasan jeri. Wanda ya taɓa hana kansa bam, ya tsaya gaban harin ƙarshe na Kanako, shugabar ƙarshen wasan, a Lunatic, wuri biyu yake ba shi: ɗaya can ƙasa, ɗaya kusa da sama.