Waƙa a Bakin Aska

A fim ɗin Sweeney Todd na Tim Burton, wanda ya fito a 2007, akwai wurin da wanzami da maƙwabciyarsa mai sayar da burodin nama suke leƙen masu wucewa a titin Landan. Abin da suke tattaunawa shi ne ɗanɗanon naman kowane mutum gwargwadon sana'arsa, daga limamin coci zuwa lauya da ɗan siyasa. Da waƙa suke ƙulla wannan shawara, bisa kiɗan rawa mai daɗin saurare da Stephen Sondheim ya tsara tun a wasan dandamali na 1979. Mai kallo yakan soma gyaɗa kai kafin ya tuna cewa kisan kai ake kitsawa.

A ganina, cikin wannan ɗan jinkiri ne ƙarfin irin waɗannan finafinai yake. Fim ɗin ban tsoro zalla yakan bar mai kallo a gefen wanda ake farauta. Waƙa kuwa takan ɗauke shi ta ajiye kusa da mafarauci, domin da wuya mutum ya bi amshi bai ɗan ba mai rerawa gaskiya ba. Wanda ya tashi da tatsuniya ya san hakan: sau da yawa daidai inda Dodo ya kusanto ne ake sako waƙa, yara su karɓa jiki na ɓari.

Amma me ya sa muke yarda? Saboda a ƙarƙashin wasan akwai yunwa, kuma mun san ta. Lovett, mai burodin nan, ta fara ne da kukan tsadar nama da rashin ciniki. A Little Shop of Horrors na Frank Oz, wanda ya fito a 1986, Seymour maraya ne da ke aiki a shagon furanni a unguwar talakawa. Tsiron da ya samu yana jawo masa suna da kuɗi, da sharaɗin a ciyar da shi jini. Da yatsansa ya fara, kafin abin ya kai ga gawa. Tsiron ya fi kowa murya a fim ɗin, kuma da gangan aka yi haka, don mayaudari mai muryar jaki ba ya samun abin yanka.

Tarihin fim ɗin ya nuna iyakar wannan yarda. A ƙarshen da aka fara ɗauka, tsiron ya cinye Seymour da masoyiyarsa Audrey, irinsa suka bazu suna rusa birane. 'Yan kallon gwaji suka ƙi, sai aka sake ɗaukar wani ƙarshen da masoyan suka tsira suka yi aure. Mutanen da suka yi dariya sa'ad da aka ciyar da likitan haƙori ga tsiron, su ne suka kasa jure a biya bashin. Na fi son ƙarshen farko, wanda aka maido a 2012.

Shi kuwa Burton bai sassauta ba. Ya cire ayarin mawaƙan da ke ba da labarin a dandamali, waɗanda ke tsayawa tsakaninmu da wanzamin. Don haka idan Johnny Depp ya ɗaga aska yana rera mata waƙa kamar tsohuwar aminiya, ba kowa a ɗakin sai Lovett da ke bayansa bai ko kula ta ba, sai mu.