Yaron da ya ƙi bin maigida

Ƴan uwa, a fadarmu an saba cewa ta yaro kyau take, ba ta ƙarko. Ni dai tun da na saurari wani kiɗan jaz da aka naɗa a Shikago, na fara shakkar wannan karin magana.

Ran 22 da 23 ga Disamba 1965, Miles Davis, mai busa turompet, ya yi wasa a gidan kiɗa na Plugged Nickel. Mai ganga shi ne Tony Williams, ɗan shekara 20, wanda Miles ya ɗauka tun yana da 17. Kamfanin Columbia ya naɗi kiɗan, sannan ya ajiye shi. Sai a 1976 wani ɓangare ya fito a Japan.

Herbie Hancock, mai piyano, ya ba da labarin cewa Tony ne ya ce musu: duk abin da kunne ke jira, a yi kishiyarsa. Ba su gaya wa Miles ba.

Ku saurari "Stella by Starlight". Inda kake jiran ganga ta tashi, sai ta yi shiru. Inda ya kamata ta lafa, sai ta ruga, ko ta sauya taki. Ni da nake karatun kimiyyar harshe, abin da na ji hira ce. Ba ka iya karya nahawu da gangan sai ka san shi ciki da waje. Tony ya san ƙa'idar da yake karyawa, shi ya sa mai sauraro ba ya ɓata gaba ɗaya.

Ban ce ba aibu ba fa. Miles bai daɗe da tashi daga jinya ba, wani lokaci busarsa na tsinkewa, wasu wuraren kuma sun yi tsawo har shayi ya huce.

Amma ku lura da abin da maigida ya yi. Bai tsawata ba. Ya saurara, ya ba da amsa da ƙahonsa, ya bar wa yaron fili. A ganina nan girmansa yake.

Mu nan, ɗalibi ya kawo sabon salo a rubutu, sai a ja masa jan biro a ce kuskure ne. Kiɗan Tony ya fi shekara 10 a kulle, yau kuwa makaɗa na koyon darasi daga gare shi. Wallahi ta yaro ma tana ƙarko, in an samu babba mai kunne.