Wa Ya Cika Akwatin? Nazari Kan Taskokin Tarihin Masu Ra'ayin Mazan Jiya

A shekarar 1994 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Alan Brinkley, ya wallafa maƙala a mujallar American Historical Review, inda ya zargi abokan sana'arsa da yin watsi da tarihin masu ra'ayin mazan jiya na ƙasarsu. A lokacin Ronald Reagan ya riga ya yi shekara 8 a kan mulki ya sauka, amma littattafan da ke bayyana yadda aka yi mutanensa suka kai ga gaci ba su taka kara sun karya ba. Hankalin malaman jami'a ya fi karkata ga ƙungiyoyin ƙwadago da masu fafutukar 'yancin baƙar fata. Bayan wannan tsokaci ɗalibai suka yi ca a kan fagen, kuma nan da nan suka ci karo da tambayar da nake ganin ita ce gindin al'amarin: takardun da za a yi binciken da su, wa ya tara su, kuma don me?

Wuri na farko da mai bincike kan nufa shi ne Cibiyar Hoover da ke Jami'ar Stanford a California. Herbert Hoover, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ya kafa ta a 1919 da dala 50,000 domin tara takardun Yaƙin Duniya na Ɗaya. A yau can ne ake ajiye da takardun masanan tattalin arziki Friedrich Hayek da Milton Friedman, da na ƙungiyar Mont Pelerin da Hayek ya kafa a Switzerland a 1947, da kuma faifan shirin talabijin na Firing Line, wanda William F. Buckley ya gabatar daga 1966 zuwa 1999, sama da shiri 1,500. Takardun Buckley na kansa suna Jami'ar Yale. Wanda ya zauna da waɗannan akwatuna zai ga wasiƙu masu tsari da muhawara ta ilimi, zai kuma fito da hoton wata tafiya ta dattawa masu littattafai. Hoton gaskiya ne, amma ba cikakke ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, sai dai mai waƙa ba ya rera baitin da zai kunyata shi. Babban mutum da ya san cewa jami'a za ta karɓi takardunsa yakan tace su, idan bai tace ba iyalinsa za su tace.

Ga misalin da ya nuna girman wannan matsala. A 1958 wani attajiri tsohon ɗan kasuwar alewa, Robert Welch, ya kafa ƙungiyar John Birch a birnin Indianapolis. Welch yana ganin makircin kwaminisanci a ko'ina, har ya taɓa rubuta cewa Shugaba Eisenhower kansa yana yi wa kwaminisanci aiki. A 1962 Buckley ya caccake shi a mujallarsa ta National Review, kuma shekara da shekaru labarin da ake bayarwa shi ne dattawan tafiyar sun kori masu tsattsauran ra'ayi daga cikinsu, an yi rabuwar da babu kome. Wannan labari ya zauna daram da takardun dattawan. Da masu bincike suka buɗe wasu akwatunan na daban, sai suka tarar katangar ba ta kai yadda ake faɗa ba: 'yan Birch sun ci gaba da raba ƙasidu, da tara kuɗi, da yi wa ɗan takarar shugaban ƙasa Barry Goldwater kamfe a 1964, da cika tarukan jam'iyyar Republican a unguwanni. Littafin Matthew Dallek na 2023 kan ƙungiyar ya dogara ƙwarai da rahotannin Anti-Defamation League, ƙungiyar Yahudawa da ta riƙa cusa mutanenta cikin tarukan 'yan Birch suna kawo mata labari.

Wannan ya kai mu ga taskokin da masu sa ido suka tara, kuma a nan ne fagen ya fi armashi. Al'adar ta daɗe. Alfred Wiener ya fara tara takardun 'yan Nazi a Amsterdam a 1933, ya kwashe su zuwa Landan a 1939, inda ɗakin karatun da ke ɗauke da sunansa yake har yau. A Amurka kuwa, wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, Gordon Hall, ya dawo gida ya tarar ana raba ƙasidun ƙiyayya irin waɗanda ya je yaƙa a ƙetare. Ya shiga tattara su tun daga ƙarshen shekarun 1940, yana halartar taruka, yana karɓar duk abin da aka miƙo masa. Daga baya Grace Hoag ta haɗu da shi a aikin, kuma abin da suka tara daga dubban ƙungiyoyi yana Jami'ar Brown. A Jami'ar Kansas akwai taskar Wilcox, wadda aka kafa a 1965 da takardun da wani ɗalibi, Laird Wilcox, ya tara daga ɓangaren dama da na hagu baki ɗaya. Jami'ar Iowa ma tana da tata, har ta ɗauki hoton jaridun da suka fito tsakanin 1918 da 1977 a fim domin sauran ɗakunan karatu su samu.

Ina girmama waɗannan mutane matuƙa. Abin da suka tsinta shara ce a idon kowa a lokacin: takarda mai shafi ɗaya da aka soka a gilashin mota, 'yar jaridar da aka buga a bayan gida da keken rubutu, fasta, kaset, wasiƙar neman gudummawa. Babu ɗakin karatun da ke sayen irin waɗannan, masu buga su ma ba sa ajiye kwafi. Ba don su Hall ba, da an share wannan ɓangare na tarihi sarai. Amma mai sa ido yana da nasa makantar. Abin da ya fi tayar da hankali shi yake fara ɗauka, don haka mai ihu ya fi mai yawa samun wuri a akwati. Ƙungiyar da mutum ɗaya ne ke tafiyar da ita daga akwatin gidan waya tana samun fayil guda, wadda ke da mambobi dubu goma ita ma fayil guda, kuma takarda ba ta faɗa wa mai karatu mutum nawa suka karanta ta. Sannan sunan da mai tarawa ya rubuta a bangon fayil hukunci ne da aka yanke tun kafin ɗalibi ya zauna. Shi kansa Wilcox ya soki ƙungiyoyin sa ido a rubuce, yana zarginsu da zuzuta girman abokan gabarsu.

Takardun hukuma sun sha bamban da duka biyun, domin mai rubuta su bai yi zaton wani zai karanta ba. A 1956, shekara biyu bayan Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati, jihar Mississippi ta kafa wata hukuma ta kare wariyar. Hukumar ta yi leƙen asirin masu fafutuka, ta kuma ba majalisun fararen fata masu goyon bayan wariya kuɗin gwamnati. Da aka rushe ta a 1977, majalisar jihar ta rufe fayilolinta har zuwa 2027. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai ƙara, aka yi ta shari'a, sai a 1998 aka buɗe su, da sunayen mutane kusan 87,000 a ciki. Tun kafin nan, a 1989, ɗan jarida Jerry Mitchell ya samu wasu daga cikinsu, ya fallasa cewa hukumar ta taimaka wa lauyoyin Byron De La Beckwith, wanda ake tuhuma, wajen tantance masu taya alƙali yanke hukunci a 1964, a shari'ar kisan ɗan fafutukar 'yancin baƙar fata Medgar Evers. Aka sake shari'ar, aka same shi da laifi a 1994, shekara 31 bayan kisan.

A Birtaniya ma haka tsarin yake. Takardun jam'iyyar Conservative suna ɗakin karatu na Bodleian a Oxford tun 1978, na Margaret Thatcher suna Cambridge, abin da mujallar Searchlight ta tara kan masu ƙyamar baƙi kuma yana Jami'ar Northampton.

Wanda ya fi faɗawa rata tsakanin waɗannan taskoki shi ne mabiyi na ƙasa, wanda bai kai a ajiye wasiƙunsa ba, bai kuma yi ɓarnar da za a buɗe masa fayil ba. Shi ya sa littafin Lisa McGirr na 2001 kan gundumar Orange a California ya yi tasiri: ta je ta zauna da matan aure da injiniyoyi da masu zuwa coci ta ji daga bakinsu. Intanet bai sauƙaƙa wannan ba. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fara ajiye duk saƙonnin Twitter na fili a 2010, ya daina ajiye su duka a ƙarshen 2017, kuma da aka rufe Parler, dandalin da masu ra'ayin mazan jiya suka fi amfani da shi, a Janairun 2021, 'yan sa-kai ne suka yi gaggawar kwafe abin da ke cikinsa.

Mu ma muna da namu kason. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ita masana ke kira ta mazan jiya, NEPU ta Malam Aminu Kano kuma ta masu neman sauyi, sojoji suka soke su duka a 1966. Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano suna riƙe da tarihin jagororin, amma a ganina muryar ɗan NPC na ƙauye, da dalilin da ya sa ya zaɓi abin da ya zaɓa, ita ce mafi ƙaranci a rubuce. Duk wanda ya gaji katin jam'iyya, ko wasiƙar ajami, ko fasta, ko faifan waƙar siyasa a adakar mahaifinsa, ya kai ɗaya daga cikin waɗannan gidaje a ɗauki hotonsa kafin gara ta riga mu, ko da kuwa ra'ayin da ke ciki ba nasa ba ne.