Kaɗanyar Zuru Ba Ta Shiga Lissafin Kamfanoni

A Disambar 2022 ƙasashen duniya, har da Najeriya, suka amince a Montreal ta Kanada da wata yarjejeniya ta kare bambancin halittu, wato yawan nau'o'in tsirrai da dabbobi da ƙwari da ke rayuwa a wuri guda. Manufa ta 15 a cikinta tana son manyan kamfanoni da bankuna su riƙa auna ɓarnar da harkarsu ke yi wa waɗannan halittu, su kuma bayyana ta. Niyya ce mai kyau. Sai dai in ka ɗauko ma'aunan da ake amfani da su ka kawo su ƙasar Zuru, za ka ga abin da ya fi damun mutanen wurin ba ya hawa sikelin.

Ɗauki ma'aunin da ake kira MSA. Yana kwatanta halittun da suka rage a wuri da yadda suke kafin ɗan Adam ya taɓa shi, ya ba da maki daga sifili zuwa ɗaya. Galibi ba wanda ke zuwa ya ƙirga komai. Kwamfuta ce ke duba taswira, ta ce nan daji ne, nan gona ce, ta ba kowanne makin da aka riga aka tsara. To, gonar dawa a kudancin Kebbi ba fili ba ce tsirara. Manomi yana barin kaɗanya da ɗorawa da tsamiya a tsakiyarta da gangan. A wajen kwamfuta, gonar da ke da kaɗanya ashirin da wadda aka share ƙaf duk ajinsu ɗaya.

Taswirar tauraron ɗan Adam ma haka take. Wadda aka fi dogara da ita wajen bin diddigin sare daji tana kallon ƙasa ne a murabba'i mai mita 30, kuma an gina ta ne don daji mai duhu. Bishiyar da ke tsaye ita kaɗai takan ɓace mata. A 2020 Martin Brandt na Jami'ar Copenhagen da abokan aikinsa suka yi amfani da hotuna masu kaifi, suka ƙirga bishiya sama da biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel, yankin da aka daɗe ana ɗauka kusan ba bishiya. Abin da taswira ba ta gani tun farko, ba za ta ba da labarin ranar da aka sare shi ba.

Kuma asarar ba ta itace kaɗai ba ce. Jemagu ne ke barbarar furen ɗorawa da dare, ƙudan zuma kuma na kaɗanya. Daga nan ake samun kalwar daddawa da man kaɗe, kuɗin da ke shiga hannun mata kai tsaye. Kaɗanya kan yi shekara 10 zuwa 15 kafin ta fara 'ya'ya. Shi ya sa in kamfani ya ce ya dasa bishiya dubu kaza don ya biya abin da ya lalata, sai a tambaye shi: wace iri, kuma nawa suka kai damina ta uku? Dalbejiya 'yar Indiya ce, tana saurin girma, tana ba da inuwa, amma ba ta ba da daddawa.

Akwai kuma tambayar wa ake aunawa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 a Najeriya ta fi karkata ga manyan ayyuka. Mai toya gawayi da mai injin yankan katako ba su da ofis, balle rahoton shekara. Amma buhun gawayinsu birni yake tafiya. Mun ga yadda ta kaya da madobiya: cinikinta zuwa Sin ya yi ƙamari har aka saka ta cikin jerin yarjejeniyar CITES daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Ɓarnar a ƙauye aka yi ta, ribar a nesa, kuma ma'aunin da ya tsaya a katangar kamfani ba ya haɗa su.

Ba cewa muke a watsar da awo ba. MSA yana da amfani in ana kwatanta ƙasa da ƙasa. Amma a matakin gari, sai an taka ƙasa. A ware filaye ƙayyadaddu, a ƙirga bishiyoyi nau'i-nau'i da kaurinsu, a lura ko akwai ƙanana masu tasowa, a koma wurin kowace shekara. Zuru tana da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ɗaliban da za su iya wannan aiki. Tana da kurmin Girmace, inda al'ada ta daɗe tana kare itatuwa da kadoji, wanda zai iya zama abin kwatance. Matan da ke tsintar kaɗe kuwa sun san wace bishiya ce ta tsaya bara, bana babu ita. Duk kamfanin da ke sayen kaɗe ko gawayi ko katako daga wannan yanki, a cikin rahotonsa ya kamata wannan ƙidayar ta fito.